Kiran Zarghuna daga Kabul

Lahadi, 15 ga Agusta 2021, bayan la'asar

Na dawo daga matanite, gidan haihuwar da nake aiki, ban ko cire takalmi ba waya ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Zarghuna. Rabona da muryarta tun gaisuwar Babbar Sallah. Ba sallama, ba tambayar gida. Cewa kawai ta yi, "Madam Kellu, sun shigo gari. Ki yi mana addu'a." A bayanta ina jin kukan yarinya, da ƙarar ana jan wani abu mai nauyi.

Mushe, maigidana, yana tsakar gida da rediyonsa, shi ya faɗa mini sauran. Sojojin ƙasashen waje suna kwashe kayansu daga Afganistan, waɗanda aka yi shekara ashirin ana yaƙa kuma sun shiga Kabul yau ba wanda ya tare su. Ya ce, "Hajiya, ba can kika yi aiki ba?" Kamar bai sani ba. Shi da ya yi shekara guda yana cin tuwon ƙannensa saboda wannan tafiyar.

Shekara shida ke nan. Ƙungiyar agajin da na yi wa aiki nan Damagaram ita ta tura ni wani gidan haihuwa a gefen Kabul. Ungozoma ce ni, amma ban jin ko kalma ɗaya ta mutanen. Zarghuna ce bakina, ita ce kunnena. In faɗa da Faransanci ta juya musu, su yi ihu ta juyo mini. Har zagin da masu naƙuda ke yi wa mazajensu ba ta rage mini. Kafin ta zo wurinmu ta yi wa sojojin Turawa tafinta a wani ƙaramin gidan likita nasu. Wannan shi ne abin. Duk unguwarsu an sani.

Cikinta wata takwas. Da Sallah ta faɗa mini, na ce in lokaci ya yi ta aiko jirgi ya ɗauke ni. Muka yi ta dariya.

Litinin, 16, da safe

Na kira Odil, Baturiyar da ta shugabance mu can. Tana ƙasarsu yanzu, ta bar aikin. Ta ce ba ta runtsa ba. Su tsofaffin ma'aikata sun haɗu a Watsap suna neman wanda ya san wani soja, wanda ya san wani a ambasad, ofishin jakadanci. Ta ce in shiga, Zarghuna ta fi amincewa da ni, ni zan riƙa magana da ita.

Ana buƙatar shaidar ta yi aiki da sojojin. Zarghuna ta ƙona takardunta jiya a murhu.

Litinin, azahar

Ta roƙe ni in goge hotunanmu daga ko'ina. Akwai wanda muka ɗauka rana ta ƙarshe, ta ɗaura ɗankwalina irin ɗaurinmu, ya karkace, ni kuma na yafa mayafinta. Na aika wa Odil shi tukuna, ko zai zama shaida. Sannan na goge.

Laraba, 18, bayan magariba

Rezon waya ba ya ratsa katangun unguwarmu ta Birni. Cikin ɗaki saƙo sai ya yi ta juyawa ba ya tafiya. Na gano in na hau dutsen bayan gidanmu yana kamawa. Ni da gwiwoyin nan, tsakanin awaki. Maryama maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Ya Kellu, wata kike nema? Ai da saura." Na ce ɗiyata ce ba lafiya. Ta ce wace? Na ce ba ki san ta ba.

Wasu mutane sun je gidansu jiya da bindigogi. Ba su same su ba, sun tambayi mai shagon ƙofar gida ina matar nan mai jin yaren kafirai. Su kuwa tun daren Lahadi suka koma gidan gwaggonta a wata unguwa, ita da mijinta Hamayun da ƴarsu Sitara.

Na san Hamayun. Dogo, mai kunya, lissafi yake koyarwa a lakwal. Shi ke kawo ta aiki a bayan keke kafin ma su yi aure, wai ɗan kawunta ne yana taimako. Duk Juma'a sai ya aiko mini da rumman. Da na gaya wa Mushe, ya ce, "Ashe abokin aikina ne." Mushe shekara talatin ya yi da alli a hannu.

Alhamis, 19, hantsi

Ba labari. Odil ta ce a jira.

Juma'a, 20, bayan an sauko masallaci

Mushe ya ce, "Hajiya, ke kina Damagaram, su suna ƙarshen duniya. Turawan da suka kai su cikin wannan hali ga jirage ga sojoji sun kasa. Ke me ke hannunki?" Na ce waya. Ya yi tsaki ya fita.

An ɗauke kuran tun safe, ba wutar caji, wayata ta kusa mutuwa. Can sai ga shi ya dawo da batirin babur ɗinsa a hannu da wasu wayoyi da ya karɓo wurin mai gyara. Ya haɗa, ya ajiye mini a bakin ƙofa.

Lahadi, 22, la'asar

Sun je filin jirgi yau. Ba wanda ya ce su je, gajiya suka yi da jira. Tun asuba suna tsaye cikin mutane har rana ta karkata. Ta ce ba a ganin ƙofar, sai bayan mutum. Ana harbi sama, mutane su yi baya kamar ruwa, su dawo. Hamayun ya ɗora Sitara a wuya, ya sa Zarghuna a gabansa ya kare cikin da hannuwansa biyu. Takalminta ɗaya ya tafi. Sun komo.

Na ce ta nuno mini ƙafafunta a kamara. Na ce ta danna yatsa a ƙauri ta ɗaga. Ramin ya zauna bai tashi ba. Fuskarta ma ta cika. Na tambaye ta kai na ciwo? Ta ce kaɗan. Zarghuna in ta ce kaɗan, na san ma'anarsa. Na ce idanu fa? Ta ce tana ganin wasu ƴan ƙwari masu haske.

Na ce Hamayun ya nemo abin awon tansiyo, wato hawan jini, ko a wane shagon magani, yanzu ba gobe ba.

Lahadi, bayan magariba

Tansiyonta sha shida bisa goma, ya hau sosai.

Na faɗa masa maganin da zai nema, ta juya masa. Ya samo. Ta kwanta ta gefen hagu, ba gishiri, ba tsayuwa. In da nan ne da na kwantar da ita a gadon da ke kusa da ƙofata in hana ta ko zuwa ban ɗaki ita kaɗai.

Litinin, 23, wurin aiki

An kawo wata yarinya daga Hamdara a amalanke, jijjiga ta kama ta tun a gona. Mun samu uwar, ba mu samu ɗan ba. Na zo ɗaura mata ruwa na kasa samun jijiya. Lubabatu, ƙaramar ungozomar da muke gardi, aikin kwana, tare, ta karɓi allurar ta ce, "Tanti, je ki zauna." Tun da na fara aiki ba a taɓa karɓar allura daga hannuna ba.

Talata, 24, safe

An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, katangar su Maryama ta zube ta gefen turke. Dutsen ya yi santsi, Mushe ya hana ni hawa. Na hau.

Sha biyar bisa tara. Ya ɗan sauka.

Laraba, 25, azahar

Odil ta kira tana haki. Wani tsohon likitan soja ya gane Zarghuna a hoton, ya tsaya mata. An karɓi sunansu su uku. Gobe za su je wata ƙofa da ke bakin magudanar ruwa, su ɗaga ƙyalle rawaya, wani soja zai neme su. Ta ce jirage sun kusa ƙarewa, bayan gobe ba ta san ko akwai wata dama ba.

Ta ƙara wata magana a ƙarshe, wai ana raɗe-raɗin za a yi wani abu a ƙofofin. Amma ta ce tun farkon mako kullum ake faɗin haka.

Laraba, la'asar

Na faɗa wa Zarghuna ƙofar da ƙyallen. Ta yi kabbara, na ji gwaggon ma tana yi. Sai ta ce, "Madam Kellu, ba a matsayin uwa nake tambayarki ba, a matsayin ungozoma. Zan iya tsayuwar nan kuma?"

Na ce a'a. Na ce in ta sake yini a tsaye cikin rana da turmutsitsi, jijjiga za ta kama ta a wurin, kuma ba mai iya ɗaga ta. Ta ce to yaya za a yi. Na ce shi ya tafi tun asuba da ƙyallen ya kama wuri a gaba. In sojan ya gan shi, ya kira, mota ta kawo ta ita da yarinyar, tsayuwar ta zama gajeriya.

Ta juya masa. Na ji muryarsa, ya yi magana mai ɗan tsawo. Ta ce, "Ya ce Madam ta yi gaskiya. Ya ce dama abin da ke ransa ke nan, yana jin nauyin faɗa ne."

Ɗayar maganar, ta raɗe-raɗin ƙofofin, ban ga amfanin ƙara wa mai hawan jini ita ba.

Alhamis, 26, bayan asuba

Ya fita tun ɗazu, su can gari ya riga namu wayewa. Ta yanka masa ƙyallen daga rigar Sitara.

Alhamis, hantsi

Ya aiko hoto. Yana cikin magudanar, ruwan ƙazanta har gwiwa, mutane maƙil ta ko'ina. Ya ɗaga ƙyallen, yana murmushi irin na masu kunya. Na nuna wa Mushe, ya ce, "Kai, Allah ya fid da kai, abokin aiki."

Alhamis, azahar

Ya isa gaba. Wani soja ya ga ƙyallen ya yi masa alama da hannu ya jira. Odil ta ce a gaya masa kada ya motsa daga inda yake, ko me za a yi. Na isar. Zarghuna ta sa mayafi ta zauna bakin ƙofa da jaka, mai motar yana waje.

Alhamis, wajen ƙarfe uku

Na shigo daga dutse, Mushe ya kashe rediyo da sauri. Bai taɓa kashe rediyo don na shigo ba.

Alhamis, la'asar

Wayar Hamayun ba ta shiga.

Alhamis, magariba

Ba ta shiga. Odil ma ta gwada. Rezo ne, mutane sun yi yawa a wurin, dole layi ya cushe.

Juma'a, 27, safe

Bam ne ya tashi jiya a ƙofar da ke bakin magudanar. Kawunta, mijin gwaggon, tsoho ne mai sanda, shi ke bin gidajen likita ɗaya bayan ɗaya. Ita tana gida. Na ce ta auna tansiyo. Ba ta ba ni amsa ba.

Na share tsakar gida. Na wanke tukwanen da na wanke jiya. Na fito da kayan akwati na sake ninkewa.

Asabar, 28, hantsi

Ta rubuto. Ba murya, rubutu. "Kawu ya same shi. An kai shi ɗazu. Ban je ba, kin ce kada in tsaya."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Asabar, la'asar

Mushe ya je masallacin unguwa ya sa an yi addu'a. Da ya dawo ya zauna kusa da ni a tabarma, abin da ba ya yi da rana. Ya fara, "Hajiya, kwana ne ya ƙare, ba—" Na tashi na ɗora ruwan shayi.

Lahadi, 29

Na aika ta'aziyya. Na goge, na sake, na goge. Abin da ya tafi a ƙarshe bai fi abin da zan faɗa wa baƙuwa a hanya ba. Ta buɗe. Ba ta amsa ba.

Talata, 31, safe

Jirgin ƙarshe ya tashi cikin dare, in ji rediyo.

Odil ta kira tana kuka, tana cewa an ci amanarsu, an ci amanarsu. Na ce mata ta share hawaye ta nemo mini hanya ta ƙasa, kuka na da masu shi. Na yi mata tsawa sosai. Ba ita ta yi mini komai ba.

Talata, yamma

Na yi wa Lubabatu faɗa kan almakashin da ni na ajiye shi a wurin da bai dace ba. Ta ce, "Yi haƙuri, Tanti." Wannan ya fi ba ni haushi.

Na aika: ki auna tansiyo. Ta buɗe.

Laraba, 1 ga Satumba, azahar

Odil ta samo wani abu. In Zarghuna ta iya tsallaka iyaka ta gabas zuwa Pakistan, akwai ambasad da za ta karɓe ta, likitan sojan nan ya sa an rubuta. Tafiyar mota ce ta cikin duwatsu, da shingaye a hanya, kuma mace ba ta wucewa sai da muharrami. Kawu ya ce zai raka ta, gwaggo ma za ta bi.

Duk wannan daga bakin Odil na ji. Sun yi magana su biyu jiya.

Mai ciki wata tara da wannan tansiyon ba ta shiga mota ta yini. Na rubuta haka. Na dube shi. Ban aika ba. Ba ta tambaye ni ba.

Alhamis, 2, safe

Sun tashi. Mutanen nan sun fara bin layin gwaggon gida gida, in ji Odil.

Na je aiki, na dawo, ban san abin da na yi a can ba. An ce na karɓi tagwaye.

Alhamis, magariba

Sun isa Jalalabad. Sun sauka gidan ƴar'uwar direban. Odil ce ta faɗa.

Juma'a, 3, bayan la'asar

Bari in rubuta tun hannuna na iya riƙe biro.

Da hantsi ina tankaɗe sai waya. Sunanta ne, kuma kira ne, ba saƙo ba. Na zubar da garin na yi dutse da gudu, zane a hannu. Ta ce, "Madam Kellu, faya ta fashe tun dare. Yanzu ba ya ba ni hutu." Muryarta ta farko da na ji tun ranar.

Na ce a tafi gidan likita. Ta ce a'a, akwai masu bindiga a ƙofar, ana tambayar takarda, ana tambayar ina miji. Na ce Zarghuna, tansiyonki. Ta ce, "Na sha maganin kullum. Ban fasa ko sau ɗaya ba. Ba inda zan je. Ki faɗa, in juya."

Su waye a ɗakin? Gwaggo, da matar gidan. Gwaggo ta haifi bakwai amma ba ta taɓa karɓar ko ɗaya ba. Kamara ba ta tafiya, murya kawai. Na ce su tafasa ruwa, su tafasa almakashi da zare, su wanke hannu har gwiwa. Ta juya. Ciwo ya zo, ta yi shiru tana nishi, ya wuce, ta ƙarasa jimlar daga inda ta tsaya. Na ce gwaggo ta duba ta faɗa mini abin da ta gani. Gwaggo ta faɗa, Zarghuna ta juyo mini da Faransanci mai kyau, irin na ɗakin aiki, "Ta ce tana ganin gashi," kamar a kan wata matar daban ake magana.

Na ce kada ta yi yunƙuri tukuna. Ta juya wa gwaggo wannan ma. Na ce ke nake wa magana, ba gwaggo ba. Wallahi sai da ta yi ƴar dariya.

Rana ta buɗe a kan dutsen, ba inuwa. Ban san lokacin da Mushe ya hau ba, sai na ga lema a kaina. Shi da ko kalmar haihuwa ba ya son a faɗa a gabansa. Ya juya fuska gabas yana jan carbi da ɗaya hannun.

Kai ya fito. Na ce gwaggo ta sa yatsa ta laluba wuya. Akwai cibiya, zagaye ɗaya. Na ce ta zare ta ta saman kai a hankali. Zarghuna ta juya, kalma, nishi, kalma. Sai ta yi wata ƙara da ba ta kowane yare ba. Sai shiru.

Shirun na sani. Na ce me ya faru? Matan biyu suna magana a tare, ba mai juya mini. Na yi ihu, Zarghuna, bakina! Ta ce, "Namiji ne. Ba ya motsi. Ya yi shuɗi."

Na ce a goge shi da tsumma mai kaushi, da ƙarfi, a bayansa. A share baki da hanci. A kwantar da shi, a ɗan ɗaga haɓa. Gwaggo ta rufe bakinsa da hancinsa da bakinta ta hura kaɗan, iskar kumatu kawai. Zarghuna tana juyawa. Muryarta ba ta rawa. Na ce a sake. A sake. A sake.

Layin ya yanke.

Na kira bai shiga ba. Na kira. Mushe ya ce, "Hajiya, numfasa." Na ce ya rabu da ni. Awakin Maryama suna ta kallonmu. Na kira, na kira, sai ga nata ya shigo. Ban ji maganar kowa ba. Ba a buƙata. Yana tsala kuka kamar an mare shi, irin kukan masu faɗa.

Na zauna a kan dutsen, zafinsa ma ban ji ba. Sai da muka ɗaure cibiya, mabiyiya ta fito, na sa aka murza mata ciki, na tabbata jinin ya tsaya. Sannan ta ce, "Madam, na gaji da aiki. Tafinta ta tashi." Ta kashe.

Asabar, 4, safe

Sha huɗu bisa tara. Ba zazzaɓi. Ya sha nono.

Yanzu tana amsawa, amma abin da na tambaya kawai.

Talata, 7, yamma

Mushe ya ce, "Wa zai yanka wa yaron nan?" Na ce suna ɓoye a gidan mutane, ko kukansa rufewa ake. Ya ce, "Ba abin da na tambaya ke nan ba." Akwai ɗan ragon da ya rage mana bayan Sallah. Ya ce in tambayi uwar sunan da take so.

Na tambaya. Sai da yamma ta amsa. Kalma ɗaya.

Juma'a, 10, hantsi

An yi suna a ƙofar gidanmu bayan asuba. Liman ya zo, dattawan layi, abokan Mushe na lakwal. An raba goro da dabino. Maryama da Lubabatu suka kama mini girki. Kowa na tambaya ina mai jegon, na ce tana tafiya.

Liman ya aiko a tambaye ni sunan, don Mushe ya faɗa masa sau biyu bai kama ba. Na zo bayan ƙyauren zaure. Ya ce, "Hajiya, me aka ce?" Na dafa ƙyauren. Ya jira. Na ce Hamayun. Ya ce sunan uban fa? Na ce shi ne. Ya ce, "Allah ya jiƙansa. Allah ya raya magajinsa."

Hamayun. Hamayun. Maroƙi ya fita da shi layi yana cewa Hamma Yunusa, ba wanda ya gyara masa.

Na aika mata muryar addu'ar da hoton ragon. Ta aiko hoton ƙafar yaron kawai.

Lahadi, 12, azahar

Sun je iyaka, an mayar da su. Wai ba a buɗe wa kowa yau. Ta yini a mota da ɗanyen jego. Ban ce komai ba sai ki sha ruwa da yawa.

Litinin, 13

An sake mayar da su. Wani mai bindiga ya daɗe yana duban fuskar kawu yana tambaya. Sitara ta yi amai. Odil tana ta kiran wani, wani yana kiran wani.

Na kasa zama, na tafi da ƙafa har Kara-Kara wai duba wata mai jego da ba ta aiko a kira ni ba.

Talata, 14, safe

Sun sake fita. Ta ce za ta kashe waya ta ɓoye ta cikin tsumman yaron.

Talata, azahar

Shiru.

Talata, la'asar

Shiru. Mushe bai kunna rediyo ba yau sam.

Talata, gab da magariba

Odil: sun wuce. Ita da yaran biyu. Kawu da gwaggo sun tsaya daga wancan gefen, dama ba su cikin takardar. Motar ambasad ta ɗauke su.

Na yi alwala don in yi sujada, na tsinci kaina zaune bakin randa, buta a hannu, har aka kira sallah.

Alhamis, 16, hantsi

Ta kira da kanta. An ba su ɗaki a Islamabad, za su jira biza, wata ɗaya ko biyar ba wanda ya sani. Likita ya duba ta. Kamara na tafiya yanzu. Ta rame, idanun sun faɗa. Sitara ta leƙo ta gudu.

Ta ce gwaggo ta tsaya a bakin shingen tana ɗaga hannu har suka daina ganinta. Ta ce ta gode da ragon, ta sa wa Sitara muryar limanmu har ta haddace amin ɗin.

Na ce, "Zarghuna, ɗiyata, ranar Larabar nan Odil ta faɗa mini wata magana game da ƙofofin, ni kuma—"

Ta ce, "Duk Kabul an ji wannan maganar, Madam. Shi ma ya ji. Ya yi alwala kafin ya fita." Ta dube ni ta cikin wayar, ba fushi, ba murmushi. Sai ta gyara zama ta ce, "Yanzu ki duba mini. Yaron nan ya ƙi kama na hagu tun shekaranjiya, ya yi tauri, yana mini zafi."

Na share fuska da bakin zane na ce ta matso da wayar. Na sa ta gasa shi da ruwan ɗumi, ta tatse kaɗan ya yi laushi. Na ce kada ta rungume shi ta gaba, ta saƙalo shi ta ƙarƙashin hammata, ƙafafunsa na baya, ta tallafe ƙeya. Ya kau da kai. Na ce ta jira ya buɗe baki sosai. Ya yi tsaki irin nasu, ya kau da kai kuma. Na ce kada ta yi sauri.

Ya kama.

Har nan kan dutse ina jin haɗiyarsa. Muka zauna muna saurare har kredin wayata ya ƙare.